Taikin fatake a hanyar Sabha

Tun kafin Sabha ta zama babban birnin Fezzan, zango ce a kan hanyar ayari daga Tarabulus zuwa Murzuk. A 1822 Turawa matafiya Clapperton da Denham da Oudney sun bi ta nan, kuma a Janairun 1824 Clapperton ya shiga Kano. A wancan zamani Murzuk ce babbar kasuwa, Sabha kuwa ƙauyen dabino ce da rijiyoyi, inda ake sauke kaya raƙuma su huta.

Duk kayan da aka sauke, shigarsu ɗaya. Turkuɗin Kura, jar fatar akuyar Sakkwato, gashin jimina, ko takarda da tsakiya masu nufar kudu, kowanne a dunƙule yake cikin taiki ko ƙunshin ƙirgi. A danne, a ɗinke baki, a ɗaure tamau da igiya, sannan a rataya biyu a kan raƙumi, ɗaya dama ɗaya hagu. Dole nauyinsu ya zo daidai, domin kayan da suka karkace kan yi wa dabba gyambo a baya, kuma raƙumi mai gyambo ba ya ƙetare hamada.

Fatar ba ta faɗin abin da ke ciki. Shi ya sa attajiran Gadamas ke yi wa kowane ƙunshi shaidarsu, su aika wa wakilinsu na Kano wasiƙa mai lissafin kayan. Madugu bai damu ya kwance ba: da yawan kaya ake biyan hayar raƙumi, da shi kuma masu mulkin hanya ke karɓar haraji. Ko Barth, Baturen matafiyin da ya iso Kano a 1851, da wannan ma'auni ya yi lissafi, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke kai wa Tumbutu da kayan raƙumi 300 a shekara.

A 1911 Italiya ta faɗa wa Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano, sai fatu suka juya zuwa Legas. Sojojin Faransa da suka kama Fezzan a 1943 sun zauna a Sabha, Murzuk ta ja baya.

Yau manyan motoci ne ke tasowa daga Agadas, su bi ta Dirku da Gatrun su sauke a Sabha, buhuna da jarkoki rataye a gefe, kowanne da sunan mai shi.