Ƙofa Buɗe da Masu Tsaronta: Tarihin Yaƙi da Ɓarna da Cushen Talla a Wikipedia

Gabatarwa

Ranar 15 ga Janairu 2001 ne Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a ƙasar Amurka. Kafin ita sun gwada wani kundin sani mai suna Nupedia, inda kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tacewa a hannun masana. Har Nupedia ta mutu a 2003 ba ta kammala maƙala talatin ba. Sabon kundin ya ɗauki dabarar wiki, wadda Ward Cunningham ya ƙago a 1995, wato shafin da duk mai karatu ke iya gyarawa nan take ba tare da neman izni ba. Sashen Faransanci ya biyo baya cikin watan Maris na wannan shekara.

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne yadda jama'ar da ke rubuta kundin suka yi da maɓarnata da ƴan talla. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin duk malamin da ya gyara kundin ɗalibai a Yamai ko Damagaram cikin ƴan shekarun nan ya san inda sakin layi da yawa ke fitowa. Tun da ba mu iya hana su shan wannan ruwa ba, ya kamata mu san yadda ake tsaron rijiyar.

1. Ɓarna mai ƙara

Kariyar farko tana cikin ginin wiki kansa. Ba a shafe tsohon rubutu. Kowane gyara ana adana shi da ranarsa da sa'arsa da sunan mai shi, kuma kowa na iya mai da shafi yadda yake jiya. Ke nan ɓarna ta fi gyara wahala, saɓanin abin da aka saba gani a bango ko a littafin ɗakin karatu. A 2004 Fernanda Viégas da Martin Wattenberg da Kushal Dave suka auna wannan, suka tarar cewa rabin shafukan da aka share gaba ɗaya ana mai da su cikin ƙasa da minti 3. Zagi, batsa, ko ɗan lakkol da ya rubuta sunan abokinsa cikin jerin sarakuna, duk wannan bai taɓa zama babbar barazana ba.

Rigimar da ta fi cin rai tun farko ita ce ta mutane biyu masu gaskiya a ganin kansu, wannan ya rubuta, wancan ya mayar, har dare ya raba. Saboda su aka kafa kwamitin sasanci a ƙarshen 2003, kuma a Nuwamba 2004 sashen Ingilishi ya tsai da ƙa'idar cewa wanda ya mai da gyaran wani fiye da sau uku a shafi guda cikin awa 24 ana iya dakatar da shi. Mu lura cewa ƙa'idar ba ta tambayar wa ke da gaskiya. Lissafi kawai take yi, kuma wannan ne ya sa ta yi aiki.

Abin da ya sauya tafiyar shi ne labarin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida wanda ya taɓa aiki da Robert Kennedy. A watan Mayu 2005 wani da bai yi rajista ba ya rubuta cewa an taɓa zargin Seigenthaler da hannu a kisan John Kennedy da ƙanensa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta zauna a shafin kusan wata huɗu, wasu shafukan intanet kuma suka kwafe ta. Seigenthaler ya kai kukansa jaridar USA Today a ƙarshen Nuwamba. Cikin Disamba aka hana marasa rajista buɗe sabuwar maƙala a sashen Ingilishi, aka shigo da kulle rabi-rabi wanda ke hana baƙi da sababbin asusu taɓa wasu shafuka, sannan aka fara gina ƙa'ida ta musamman a kan tarihin mutanen da ke raye. Kullen ya yi amfani ba da jimawa ba: a Yuli 2006 ɗan barkwancin talbijin Stephen Colbert ya zuga masu kallonsa su rubuta cewa yawan giwayen Afirka ya ninka sau uku cikin wata shida, sai aka garƙame shafin giwa.

2. Mahaɗi ya zama kuɗi

Ɗan talla ba ya son a lura da shi, don haka labarinsa dabam ne. Don a fahimci abin da yake nema sai an koma 1998, lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google bisa wani lissafi da suka kira PageRank. A wannan lissafi, duk mahaɗin da ya tashi daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce aka yi maka, kuma shaidar babba ta fi ta ƙarami nauyi. Da Wikipedia ta zama ɗaya daga cikin shafukan da aka fi ziyarta a duniya, sai mahaɗi guda daga cikinta ya zama abin da ake iya sa wa farashi. Masu sayar da magani, masu gidajen caca, masu otal, kowa ya nufo ƙasan maƙaloli, inda ake jera mahaɗan waje.

An tare su ta hanya biyu. Ta farko ita ce baƙin jeri: adireshin da aka sa a ciki, manhaja ba za ta yarda a adana shafin da ke ɗauke da shi ba. Akwai jeri na kowane harshe, akwai kuma na bai-ɗaya a shafin Meta wanda ke aiki a kan dukkan sassa. Ta biyu ta fi dabara. A Janairu 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama mai suna nofollow, wadda ke ce wa injin bincike kada ya ƙidaya wannan mahaɗi cikin shaida. Jama'ar sashen Ingilishi suka ƙi sa ta a maƙaloli da farko, bisa hujjar cewa shafukan kirki da aka ambata sun cancanci ladarsu. A Janairu 2007 Wales ya ba da umarni aka sa ta a kan duk mahaɗan waje. Masu shafuka da yawa sun yi gunaguni cewa kundin yana karɓar shaidar kowa amma ba ya yi wa kowa, kuma a ganina ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya.

Cushen bai ƙare ba, salo ya sake. Ko injin bincike bai ƙidaya ba, mai karatu yana latsawa. Ƴan talla suka bar ƙasan shafi suka koma cikin madogara: su nemi tsohon mahaɗin da ya mutu, su maye gurbinsa da nasu, gyaran ya fito kamar aikin taimako. Ga mai nazarin tarihi wannan ya fi zagi muni, domin jumlar tana nan daidai amma shaidarta an musanya. Wani ɓangare na maganin ya zo daga ma'ajiyar Internet Archive, wadda ta sanar a 2018 cewa an ceto matattun mahaɗai sama da miliyan 9 ta hanyar mai da su ga kwafin da ta adana.

Daga nan sai ciniki ya kai ga maƙalar kanta. A 2007 Virgil Griffith ya fito da WikiScanner, wadda ke haɗa lambar kwamfutar mai gyara da ma'aikatar da ta mallake ta, aka ga kamfanoni da ofisoshin gwamnati suna wanke tarihinsu. A 2013 aka toshe asusu kimanin 250 masu alaƙa da kamfanin Wiki-PR, kuma a Yuni 2014 Gidauniyar Wikimedia ta wajabta wa duk wanda ake biya ya faɗi mai biyansa. A 2015 aka kama wata ƙungiya da aka laƙaba wa Orangemoody: asusu 381, maƙala sama da 200 aka share. Su kan rubuta wa ƙaramin ɗan kasuwa maƙala, sannan su nemi dala 30 kowane wata wai kuɗin kariya. Sashen Faransanci ma bai tsira ba. A Fabrairu 2022 ya kori mutum bakwai da aka samu suna gyara shafuka a ɓoye don yaƙin neman zaɓen Eric Zemmour.

3. Dogarai na ƙarfe da abin da suka jawo

Mutane ba za su iya duba kowane gyara ba, shi ya sa aka ɗora aikin a kan manhajoji. Sashen Jamusanci ya zaɓi wata hanya a Mayu 2008, inda gyaran baƙo ba ya bayyana ga jama'a sai amintacce ya duba. Sashen Ingilishi ya sami matatar da ke tare mugun gyara kafin a adana shi a 2009, sannan a 2010 ClueBot NG ya fara aiki, wanda aka koya masa gane ɓarna daga dubban misalan da mutane suka tantance. Yakan mai da ɓarna cikin daƙiƙoƙi. Na Faransanci yana da nasa mai suna Salebot.

Nan ne tarihin ya ɗauki wata karkata. Yawan masu gyara na yau da kullum a sashen Ingilishi ya kai ƙololuwa a 2007, sama da 50,000, daga nan ya yi ta raguwa shekaru da dama. A 2013 Aaron Halfaker da Stuart Geiger da abokan aikinsu biyu suka nuna cewa sababbin zuwa masu kyakkyawar niyya ba su ragu da nagarta ba. Abin da ya ƙaru shi ne saurin mai da aikinsu da aika musu gargaɗin da na'ura ta rubuta. Wanda aka tarbe shi haka ranar farko da wuya ya dawo. Garin tsare gona daga biri, an kori ƴan gayya.

Toshe lambar kwamfuta ma yana da nasa zalunci. A Janairu 2007 an toshe lamba guda saboda ɓarna, sai aka tarar kusan duk ƙasar Katar ta wannan lamba take shiga. Irin wannan matsala ta fi faɗa wa Afirka ta Yamma, inda kamfanin wayar salula ke raba ƴan lambobi kaɗan ga dubban mutane. A 2022 masu shirya tarurrukan koyar da gyara a ƙasashen Afirka suka kai ƙara cewa ana toshe ɗalibansu tun kafin su rubuta harafi ɗaya, saboda laifin wanda ba su taɓa gani ba.

4. Ƙarya mai ladabi

Duk waɗannan dogarai suna kama mai hayaniya ne. Wanda ya iya salon kundin, ya jera madogara ko da na ƙarya ne, yakan wuce. Maƙalar yaƙin Bicholim, wai tsakanin Fotugal da daular Maratha a Indiya, ta zauna daga 2007 zuwa 2012, har aka ba ta shaidar maƙala mai kyau. Ba a taɓa yin yaƙin ba, littattafan da ta ambata ma babu su. Jar'Edo Wens, wani abin bautar da aka ƙaga aka jingina wa ƴan asalin Ostareliya, ya kai kusan shekara goma kafin a share shi a 2015. A 2022 aka gano cewa mutum guda ya rubuta maƙala sama da 200 a sashen Sinanci a kan tarihin Rasha na tsakiyar zamani, gaskiya da ƙage a cakuɗe, kowace tana dogara da ƴar'uwarta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta tarihin Songai. Tarikh al-Fattash da Houdas da Delafosse suka buga a 1913 an yi shekaru ana dogara da shi kafin Nehemia Levtzion ya nuna a 1971 cewa an cusa masa sassa a ƙarni na 19 don halatta mulkin Shehu Amadu na Masina, kuma Mauro Nobili ya faɗaɗa wannan bincike a 2020. Bambancin guda ne, amma babba: a wiki hannun mai cushe yana nan a rubuce da ranarsa. Abin da ya ɗauki masana fiye da rabin ƙarni, ɗalibi na iya yin irinsa da yamma ɗaya in ya buɗe tarihin shafi ya gwada sigogi biyu. Ni kam ban ga dalilin da zai hana mu sa wannan cikin darasin sukar madogara na shekarar farko ba.

Haɗarin ya fi girma inda idanu suka yi kaɗan. Sashen harshen Kuroshiya ya faɗa hannun wasu ƴan tsirarun masu gudanarwa ƴan ra'ayin riƙau na tsawon shekaru, suna sake fasalin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da rahoton da Gidauniyar Wikimedia ta fitar a 2021 ya tabbatar. A Agusta 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Skots ba ya rubuta maƙala sama da 20,000 a sashen wannan harshe, da zuciya ɗaya, Ingilishi ne kawai yake karkata wa baki. Babu matatar da ta tsai da shi, domin bai zagi kowa ba, bai kuma tallata kome ba. A 2025 aka yanke shawarar rufe sashen harshen Girinlan bayan ya cika da fassarar na'ura wadda masu harshen ba su gane ba, kuma cikin Agusta na wannan shekara sashen Ingilishi ya yarda a riƙa share shafin da ya tabbata ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta shi babu wanda ya duba, ba tare da doguwar muhawara ba.

Sashen Hausa yana cikin waɗanda wannan darasi ya fi shafa. Tun 2010 akwai masu gudanarwa na bai-ɗaya da ke leƙa ƙananan sassa, kuma baƙin jerin Meta yana tare masa mahaɗan caca kamar yadda yake tare wa kowa. Amma mai sintiri daga Turai ko Asiya, duk ƙwazonsa, adireshi kawai yake iya ganewa. Ba zai iya bambanta Hausar mutum da ta na'ura ba, ba zai kuma san an musanya sunan wani sarkin Katsinar Maraɗi da na wani ba, sai wanda ya san zuriyar ya buɗe shafin.