BABI NA UKU: TATTARAWA DA TANTANCE WUƘAƘEN YAƘI, MISALIN WUƘAR FAIRBAIRN-SYKES

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda masu tara tsofaffin makamai suke rarrabe wuƙar yaƙi ta asali da ta jabu. An zaɓi wuƙar Fairbairn-Sykes ta sojojin kundumbalar Ingila don ta zama misali, saboda tana cikin wuƙaƙen Yaƙin Duniya na Biyu da aka fi nema, kuma aka fi kwaikwaya. Abin da babin yake son nunawa shi ne, gane lokacin da aka ƙera wuƙa daban, gane wanda ya riƙe ta a fagen fama daban.

3.1 Asalin Wuƙar

William Fairbairn da Eric Sykes sun yi aiki da 'yan sandan birnin Shanghai na ƙasar Sin kafin yaƙi, inda suka ƙware a dabarun faɗan gaba da gaba. A shekarar 1940, bayan an kwashe sojojin Ingila daga Dankak ta Faransa, Firayim Minista Churchill ya ba da umurnin a kafa rundunar kundumbala, aka kuwa ɗauki waɗannan mutane biyu su horar da ita a Sikotilan. A watan Nuwamba na wannan shekara suka gana da shugabannin kamfanin Wilkinson Sword a Landan, aka tsayar da siffar wuƙar: baki biyu, tsini siriri, tsawon ruwanta kimanin inci 7. Don suka aka yi ta, ba ta da wani amfani wajen sara ko aikin sansani.

3.2 Samfurori Uku

Masu tarawa sun kasa wuƙar gida uku. Wannan rabe-rabe nasu ne, sojojin da suka riƙe ta ba su san da shi ba.

Samfurin farko shi ne wanda aka fara fitarwa a farkon 1941. Ana gane shi da ƙarfen kare hannu mai lanƙwasa kamar harafin S, da kuma wani ɗan fili marar kaifi a gindin ruwan wuƙar. A wannan fili ne aka zana tambarin Wilkinson a gefe guda, aka rubuta "The F-S Fighting Knife" a ɗaya gefen. Ƙotar ta tagulla ce mai zanen ƙaiƙayi, an shafe ta da ruwan nikel. Da hannu aka wasa kowace ɗaya, kuma 'yan dubbai kawai aka yi kafin a sauya, shi ya sa ta fi saura tsada nesa ba kusa ba. A cikin 1941 ɗin aka koma samfuri na biyu, aka miƙe ƙarfen kare hannu, aka cire filin nan marar kaifi don a rage aiki. Na uku ya zo wajen 1943, da ƙota ta zubi mai zobba 27, wadda aka yi da gaurayen ƙarfe mai araha, kuma yawanci inji ne ya wasa ruwanta. Ke nan duk sauyin da aka yi, neman sauri da sauƙin kuɗi ne ya jawo shi.

3.3 Hanyoyin Tantancewa

Abin da sabon mai tarawa ya fi dogara da shi shi ne tambari, alhali kuwa shi ne ya fi sauƙin kwaikwayo. Alamar kibiya ta gwamnatin Ingila, da lambar mai duba kaya irin su B2, duk ana iya buga su da ɗan ƙarfe a kan sabuwar wuƙa. Haka kuma ana iya zana tambarin Wilkinson da ruwan asid. Don haka masana suka fi mayar da hankali ga aikin ƙirar kansa. Wuƙar da aka wasa da hannu takan bar ɗan fili mai kusurwa uku a inda ruwanta ya haɗu da ƙarfen kare hannu. Ƙotar samfuri na uku ta lokacin yaƙi takan ɗauki ƙaramar lamba, daga 1 zuwa 4, wadda ke nuna mazubin da aka yi ta a ciki. Ana kuma duba notin da ke ƙarshen ƙota, domin idan an taɓa kwance shi, mai yiwuwa ne an haɗa ruwan wata wuƙa da ƙotar wata. Irin wannan haɗe-haɗe ya fi jabu tsantsa wuyar ganewa, tunda kowane ɓangare tsoho ne na gaske. Sai kube, wanda ya kamata tsufan fatarsa da ɗinkinsa su dace da na wuƙar.

Akwai wani abin lura game da kalmar ENGLAND da ake gani a kan ƙarfen kare hannu na wuƙaƙe da yawa. Bayan 1945 an sayar wa 'yan kasuwar Amurka rarar kayan yaƙi, kuma tun daga 1890 dokar Amurka ta wajabta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. Wasu masu tarawa suna raina wuƙa mai wannan tambari, har akan sami dillalan da ke goge shi. A ganin mai wannan nazari, wannan kuskure ne babba, domin idan sauran alamomi sun dace, tambarin shaida ce ta hanyar da wuƙar ta bi daga rumbun soja zuwa kasuwa. Matsalar ta fi tsanani a samfuri na uku, wanda maƙeran Sheffield suka ci gaba da ƙerawa shekaru da yawa bayan yaƙi.

Wani lokaci lalacewa ma hujja ce. Wuƙar da kamfanin Camillus ya yi wa sojojin kundumbalar ruwa na Amurka a 1942, bisa kwaikwayon wannan, ƙotarta takan tsattsage ta rududduge da tsufa saboda irin ƙarfen da aka zuba. Wadda aka gani sumul sai an ƙara bincike.

3.4 Matsalar Mai Wuƙa

Duk abubuwan da aka ambata shekarar ƙira kawai suke nunawa. Cewa wane soja ne ya riƙe ta a wane fage, wannan sai da takarda. Sunan da aka zana a jikin wuƙa ba ya wadatarwa, tunda ana iya ƙara shi daga baya don a ɗaga farashi a wajen gwanjo. Wannan batu ya shafi gidajen 'yan mazan jiya na Nijeriya. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Rundunar Nijeriya sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama a 1944 cikin dakarun Janar Wingate, kuma da adda aka fi sanin sojan Afirka ta Yamma a can. Idan aka sami adda ko wuƙa a kayan irin wannan tsoho, lambar yabo ta Tauraron Bama kaɗai ba za ta danganta ta da shi ba, domin Ingila ta raba waɗannan lambobi ba tare da an zana sunan kowa ba. Littafin sallama mai ɗauke da lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa, da hoton da ya nuna shi da makamin, su ne abin nema, kuma da zarar magada sun raba su da wuƙar, da wuya a sake haɗa su.