Tarihin jinyar ciwon da ba ya warkewa

Kowa ya san akwai ciwon da magani ke warkarwa, akwai kuma wanda ya gagari likita. Idan ciwo ya gagara, ashe aikin likita ya ƙare ke nan? A'a. Ga tarihin yadda aka gane haka.

A da, ko a ƙasashen Turawa, idan likitoci sun ga mutum ba zai tashi ba, sai su janye jiki. Akwai wani magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, sunansa morfin. Amma ana tsoronsa, ana cewa mutum zai saba da shi. Ba a ba majinyaci sai ya kai ga kuka. In ƙarfin maganin ya wuce, zafin ya dawo, sai ya sake roƙo.

Wata mata ce ta canza wannan al'amari. Sunanta Cicely Saunders. An haife ta a Ingila a shekarar 1918. Ta fara da aikin kula da majinyata. A 1948, a wani asibitin birnin Landan, ta haɗu da wani ɗan gudun hijira daga ƙasar Polan, mai suna David Tasma. Ciwon sankara ne ya kama shi, wanda wasu ke kira ciwon daji. Shekarunsa 40, ba shi da dangi a kusa. Tana zuwa suna hira. Da zai rasu ya bar mata fam 500, don a gina gidan da irinsa za su samu kulawa.

Ta lura cewa likitoci ba za su saurare ta ba sai ta zama ɗaya daga cikinsu. Sai ta koma karatu, ta zama likita a 1957. Daga 1958 ta shiga bincike a wani gidan jinya mai suna St Joseph's. Ta rubuta bayanin majinyata 1,100, ta kuma ɗauki muryar wasunsu da rikoda.

Binciken ya nuna abu biyu. Na farko: kada a jira zafi ya taso. A ba da magani ta baki, a kan lokaci, kowane awa 4. Idan an yi haka, zafin ba ya samun hanyar dawowa. Majinyaci yana barci, yana cin abinci, yana hira da iyalinsa cikin hankalinsa. Na biyu: zafin ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai kaɗaici, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai neman kwanciyar rai. Duk waɗannan suna ƙara zafi. Don haka sauraren majinyaci shi ma magani ne.

A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a kudancin Landan. Nan aka haɗa jinya da koyarwa da bincike. Daga 1969 ma'aikatan gidan suka fara bin majinyata har gidajensu. A can ita kanta ta rasu a 2005.

Aikin ya bazu. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da tsari mai hawa uku kamar tsani. A fara da ƙaramin magani irin parasetamol. In bai isa ba, a hau zuwa matsakaici. In zafin ya yi tsanani, a ba da morfin.

A Afirka, an kafa ƙungiyar farko ta irin wannan jinya a Harare, ƙasar Zimbabuwe, a 1979. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman ta fara aikin a Yuganda. Ana dama garin morfin da ruwa mai tsabta, a zuba a kwalba, kuɗinsa kaɗan ne. A 2004 gwamnatin Yuganda ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta wannan magani, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba.

Wasu suna cewa irin wannan jinya sallamawa ce. Wani bincike ya ba su amsa a 2010, a birnin Boston na Amurka. An raba masu sankarar huhu 151 gida biyu. Duka an yi musu maganin sankara, amma rabi an ƙara musu da wannan kulawa tun farko. Waɗannan sun fi samun natsuwa, baƙin cikinsu ya ragu, kuma sun fi sauran daɗewa da wata biyu da ƴan kai.

Saura aiki dai. Wani rahoto na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya, wato na ƙasashe matalauta, ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa ba sa samu.

To, ƴan uwa, zumunta da dubiya da muka gada babban jari ne. Sai dai ba su hana a nemi magani. Idan kana da majinyaci mai jin zafi, kai shi asibiti, ka gaya wa likita inda ke ciwo da lokacin da yake tashi. Ka ba da magani a kan lokacin da aka faɗa. Kada ka sayi tramol ko wata ƙwaya a hannun masu talla, don maganin da ba a auna ba yana cutarwa. Ka kuma zauna kusa da shi, ka bar shi ya faɗi abin da ke ransa.