Kyarma da Taku: Tarihin Maganin Cutar Fakinsan da Rabon Mutanen Adar

A gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, inda tuddan duwatsu suka yi wa kwarin Majiya da na Tarka ƙawanya, ƙafa ce jarin talaka, domin da ita ake zuwa gona da rijiya da kasuwar mako. Saboda haka idan dattijo ya fara jan ƙafa, takunsa ya gajarce, bayansa ya ranƙwafa, hannunsa yana kyarma ko yana zaune, asarar ta kan shafi gida gaba ɗaya, ko da yake sau da yawa akan jingina abin ga tsufa ko iska ko sammu. Likitoci suna kiran wannan larura cutar Fakinsan, wadda ke samuwa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, wato sinadarin da ke saita motsin gaɓoɓi, suka riƙa mutuwa sannu a hankali.

Tun farko ma tafiya ce ta tona asirin cutar, domin a cikin mutum shida da James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817, uku a kan titi ya gan su, ya lura da yadda suke karkata gaba suna sauri da ƙananan taku kamar ana tura su. An shafe kusan shekara 150 ba a sami magani mai ƙarfi ba, har sai da Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna a 1957 cewa lebodofa, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, yana tayar da dabbobin da suka sandare, sannan George Cotzias ya tabbatar a Amurka a 1967 cewa shan sa da yawa, ana ƙara awo a hankali, yana dawo da motsi ga marasa lafiya. Abin lura shi ne tun 1937 masana a Indiya suka gano wannan sinadari a cikin irin ƙarara, tsiron nan mai ƙaiƙayi da Hausawa suka daɗe da sani.

Lebodofa yana tsawaita taku, yana kuma ƙara saurin tafiya, amma tasirinsa a kan daidaiton tsayuwa kaɗan ne. Bayan wasu shekaru ƙarfin kowace ƙwaya yakan ƙare kafin lokacin ta gaba ya yi, wasu kuma sukan fara murɗe-murɗen jiki ba da sonsu ba. Mafi haɗari shi ne kafewar ƙafa, inda tafin ƙafa ke manne wa ƙasa a bakin ƙofa ko wajen juyawa alhali gangar jiki ta riga ta yi gaba, sai faɗuwa ta biyo baya. A kan tsakuwar Keita ko gangaren Buza kuwa, faɗuwar tsoho tana iya zama karayar ƙugu. Akwai kuma batun cima, domin nono da wake da nama suna gogayya da maganin wajen shiga jini, shi ya sa ake shawartar a raba lokacin ƙwaya da na fura.

A 1987 Alim-Louis Benabid, likitan fiɗa a birnin Grenoble na Faransa, ya dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa, ya haɗa ta da batirin da ake binnewa ƙarƙashin fata, domin lantarki mai rauni ya kwantar da kyarma, kuma daga 1993 shi da Pierre Pollak suka karkata ga wata cibiya da ke ƙarƙashin talamus, wato mahaɗar saƙonnin ƙwaƙwalwa. Aikin ya rage yawan ƙwayoyin da ake sha, ya kuma daidaita yinin mara lafiya, sai dai bibiyar shekara biyar da aka wallafa a 2003 ta nuna cewa kyarma da sandarewa sun ci gaba da lafawa, amma magana da tsayuwa da kafewar ƙafa sun koma taɓarɓarewa. Ƙa'idar da aka fahimta ita ce, matsalar tafiyar da ba ta jin lebodofa da wuya ta ji lantarki.

Wannan fiɗa tana buƙatar ƙwararru da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da canjin batir lokaci-lokaci, abubuwan da suka yi wa manomin albasa na wannan yanki nisa ƙwarai. Maganin zamani ya samu gindin zama a yankin ne ta hanyar wurare irin su asibitin Galmi, wanda mishan suka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, kuma zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da tamowa ne suka fi cinye ƙarfin ma'aikatan lafiya, ƙwararrun likitocin jijiya kuwa galibinsu suna Yamai. Abin takaici ne ƙwarai a ce ƙwayar lebodofa da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tana yanke wa mai buƙatarta saboda tsada ko nisa. Dabarar da likita Purdon Martin ya bayyana a 1967 kuwa ba ta cin ko dala: idan aka ja layuka a gicciye a ƙasa, mai kafewar ƙafa yakan tsallake su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ƙidaya ko tafi ke iya sakin ƙafarsa, kuma ana iya jan layukan da toka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure.