Wa Ke Riƙe da Linzamin Fim ɗin Soyayya a Kano?

Duk wanda ya nemi a lissafa masa finafinan soyayya na Hausa da suka cancanci kallo a 'yan shekarun nan zai tarar cewa mafi yawan abin da za a ambata masa ba fim ba ne irin wanda aka saba, mai awa biyu a gama. Za a ce masa Labarina, a ce Izzar So, a ce Alaƙa, wato shirye-shirye masu dogon zango da ake bi mako-mako a YouTube ko a Arewa24. Masu kewar zamanin kaset suna ɗaukar wannan a matsayin alamar mutuwar fim ɗin soyayya. Ni a ganina akasin haka ne. Tarihin masana'antar ya nuna cewa ingancin labarin soyayya yana hawa ko sauka ne gwargwadon wanda ke riƙe da linzami a lokacin: marubuci ne, ɗan kasuwa ne, ko mawaƙi. Shekaru kusan ashirin linzamin yana hannun biyun ƙarshe, sai yanzu ya fara komawa hannun na farko, inda tun asali ya fito.

Mutane kan manta cewa fim ɗin Hausa na bidiyo ɗan littafi ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafari, kuma a daidai wannan lokacin ne littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, ana sayar da su a teburan bakin titi, ana ba da hayarsu a unguwanni, ana karanta su a rediyo. Marubutan littattafan nan suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar kyamara. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu su ma suka bi sahu kafin ƙarshen shekarun 1990. Wanda ya duba waɗannan labarai da idon basira zai ga cewa soyayyar da ke cikinsu gardama ce kan iko. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu hali ta ƙwallafa rai a kan Muhammad talaka, iyaye suka ce ba su san zance ba, ta gwammace ta faɗa rijiya da a aura mata wanda ba ta so. Tambayar da marubucin ya ajiye a gaban jama'a ita ce wa ke da ta cewa a auren yarinya, kuma abin da ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan littafin ke nan. Labaran Balaraba da Bilkisu kuwa sun shiga cikin gida ne, inda ake zaman kishi, inda miji ke ƙaro aure ya wofintar da uwargida da 'ya'yanta. Hoton finafinan wancan lokaci dishi-dishi ne, sautin kuma sai an kasa kunne, amma akwai magana a cikinsu.

Abin da ya sauya lissafi shi ne yadda ake sayar da fim. Furodusa ba shi da injinan gurza kaset, ba shi da shago a Ƙofar Wambai ko Bata. Abin da yake yi shi ne ya buga kwalin fim ɗin, wato bangon da ake saka kaset a ciki mai ɗauke da hotunan jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su sayi kwali gwargwadon yadda suke hasashen ciniki, su gurza da kansu su sayar. Ribar mai fim tana cikin yawan kwalin da aka ɗauka, kuma ɗan kasuwa ba ya karanta labari kafin ya yanke shawara. Fuska yake dubawa, sai kuma tallan da ake maƙalawa a farkon wani kaset, wanda galibinsa waƙa ce. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, da Ali Nuhu a matsayin yarima da Fati Muhammad a matsayin yarinyar da ke hidima a gidan sarauta, waƙarsa ta riga shi shiga gari, ta shiga gidajen biki da motocin haya har ƙetaren iyaka zuwa Nijar. Wasila, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni a 2000, ya sake tabbatar da darasin. Daga nan tsarin aiki ya juye: sai a fara shiga situdiyo a buga waƙoƙi da fiyanon Yamaha, a ɗauki rawarsu a yi talla, a karɓi kuɗin 'yan kasuwa, sannan a zauna a nemi labarin da zai haɗa waƙa ta farko da ta biyu da ta uku. Marubuci ya koma ɗan cike gurbi, sau da yawa ma a wurin ɗaukar fim ake tsara abin da jarumi zai faɗa. Shi ya sa aka yi ta maimaita labari guda, samari biyu a kan budurwa ɗaya ko 'yan mata biyu a kan saurayi ɗaya, domin shi ne siffar da ta fi ba da damar waƙoƙi uku.

Ba adalci ba ne a ɗora wa kasuwa laifin duka, don waƙar tana da aikin da take yi a cikin fim ɗin kansa. Jarumi da jaruma a fim ɗin Hausa ba sa taɓa juna, ko da a labarin mata da miji ne. Darakta yana da mutum biyu zaune a kan tabarma ko a falo, tsakaninsu da tazara, kuma dole mai kallo ya yarda cewa ɗaya zai iya mutuwa saboda ɗaya. Hanya biyu ce kawai: ko baki ya faɗa, ko waƙa ta faɗa. Rubuta zance mai ratsa zuciya wanda bai zubar da kunya ba aiki ne mai wuya, waƙa kuwa tana da lasisin faɗin abin da budurwa ba za ta furta a zaure ba. Muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, su suka ɗauke wa marubuta wannan nauyi, har aka saba da rashin ɗaukarsa.

A nan ne masu suka ke cewa ai duk abin kwaikwayon Indiya ne, don haka maganar komawa ga asali ba ta taso ba. Akwai gaskiya a zancensu, kuma babu wanda ya san masana'antar da zai musa. Tun shekarun da Kwarori ke kawo finafinan Indiya silimomin Kano irin su Plaza da Marhaba da Eldorado, daga baya talabijin ta shigar da su cikin gidaje, Bahaushe ya tashi da su a ido da kunne. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin finafinan Hausa masu yawa da aka ɗauko daga na Indiya, ciki har da Khusufi da aka gina a kan Taal. Amma abin tambaya shi ne me ya sa na Indiya aka ɗauka aka bar na Amurka, alhali duka biyun ana nuna su a silima ɗaya. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa masu kallo suna ganin matsalarsu ce a fim ɗin Indiya: auren dole, ikon iyaye, tazarar mai kuɗi da talaka, soyayyar da dole ta bi ta hannun dangi. Ashe damuwar ta gida ce, aron da aka yi na tufafi ne. Inda aron ya yi illa shi ne lokacin da aka daina ɗauko tambayar aka koma ɗauko rawar kaɗai, kuma wannan ya faru ne a daidai zamanin mulkin kwali.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta malamai da iyaye masu cewa finafinan nan suna ɓata tarbiyya. Ita ce ta sa gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da Shari'a, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Ita ce ta dawo da ƙarfi bayan badaƙalar bidiyon waya ta 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar, aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008, 'yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Ita ce kuma ta sa ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa, shekarar da aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan hayaniyar da ta tashi. Idan aka lura, kusan duk rikicin nan a kan rawa da sutura da cuɗanyar maza da mata yake. Da wuya a ji an ɗaga murya saboda fim ya nuna uba yana sayar da 'yarsa ga mai kuɗi, ko ya nuna bazawara tana neman haƙƙinta. Wato ɓangaren da ya fi jawo wa masana'antar baƙin jini shi ne wanda ɗan kasuwa ya ɗora mata, ɓangaren da ya fi amfani ga jama'a kuwa shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kasuwar kwali ba hukuma ce ta kashe ta ba. Faifan CD ya sauƙaƙa satar fasaha, masu tura fim a waya suka buɗe rumfuna a kowace kwana suna zuba finafinai a katin waya da kuɗi ƙalilan, sannan fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa irin ta Algaita ta zo ta ba mai kallo ainihin abin da ake kwaikwayo, da harshensa, a farashi mai rahusa. Wanda zai iya kallon Shah Rukh Khan yana Hausa ba shi da dalilin sayen kwafinsa. An gwada mafaka a silimar Filmhouse da ke Ado Bayero Mall, kuma a nan aka samu finafinan soyayya da har yau sun cancanci a neme su. Mansoor na Ali Nuhu, a 2017, da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya fara da soyayyar 'yan makaranta ya ɓulle da neman asali, saurayin da ya gano bai san mahaifinsa ba, abin da ke iya rusa maganar aure a ƙasar Hausa komai ƙarfin so. Rariya na Rahama Sadau, wanda Yasin Auwal ya ba da umarni a wannan shekarar, ya leƙa rayuwar 'yan matan jami'a da masu kuɗin da ke farautarsu. An sake Mujadala a 2018, Kar Ki Manta Da Ni ya biyo baya. Hoto ya gyaru, sauti ya fito, sai dai silima ɗaya a birni ɗaya ba za ta ciyar da masana'anta ba, annobar korona ta 2020 kuma ta rufe ƙofar.

Shirin mai dogon zango ya zo da sharaɗin da kwali bai taɓa gindayawa ba: dole mai kallo ya dawo mako mai zuwa. Waƙa tana iya sa mutum ya sayi kaset sau ɗaya, amma ba za ta dawo da shi sau hamsin ba. Abin da ke dawo da shi shi ne son sanin yadda za ta kaya, kuma wannan sai marubuci. Ba banza ba ne Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta nemi marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih don rubuta Daɗin Kowa. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, shi ne misali mafi bayyana a fagen soyayya. Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fara fitowa a matsayinta, tana tsakanin Mahmud da masu neman ta da dukiya, amma wanda ya fi kowa tsaya wa masu kallo a rai shi ne mahaifinta Baba Ɗan Audu, da Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, uban da ke kallon 'yarsa kamar jari. Tambayar littafin Gidan Dabino na 1991 ce ta dawo, an ba ta sarari ta numfasa. A zangon da Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓoye arzikinsa don ya ga wadda za ta so shi a talaka, dabarar tsohuwa ce ƙwarai, amma muhawarar da ta tayar a gidaje da shagunan ɗinki kan ko yaudara ce ko gwaji ta nuna cewa zance ya koma ɗaukar nauyin da waƙa ke ɗauka. Izzar So na Lawan Ahmad ya bi wata hanyar, inda ya sa soyayya cikin rikicin ofis da girman kai na 'yar mai kamfani, duk da cewa wa'azinsa kan yi yawa har ya danne labarin.

Za a ce, kuma da hujja, sabon tsarin ma yana da nasa ɗan kasuwar. Kuɗin YouTube yana bin yawan kallo da tsawon minti, don haka ake jan labari kamar ƙosai a hannun yaro, a ɓata kwata guda ana gaisuwa a falo, a cusa tallan maganin gargajiya ko na fili a tsakiyar kuka, jaruma ta fice daga shiri a maye gurbinta da wata ko a kashe ta a labari ba shiri. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana ɓata shirye-shirye da yawa waɗanda da an tsaya a kashi goma sha biyu da sun yi kyau. Bambancin shi ne wannan matsin yana neman ƙarin labari ne, ko da ya kai ga tsinka shi da ruwa, alhali matsin kwali yana neman a rage shi ne. Furodusan da ya ja zango ba tare da marubuci mai hannu ba yana ganin sakamako a adadin masu kallo cikin makonni kaɗan, ba sai an dawo masa da kwali daga kasuwa ba. Waƙa kuma ba ta mutu ba, ta dai koma cin gashin kanta: Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye 2020 ba tare da ta jingina da wani fim ba, wanda ya 'yantar da mawaƙi da marubuci a lokaci guda. Abin da ya rage a warware shi ne dangantaka da hukuma, domin tsarin tacewa an gina shi ne don fim guda da ake kaiwa a duba a ba shi takarda, ba don shirin da ake ɗauka ana saki duk mako ba. Wannan saɓanin ne ya fito fili a watan Mayun 2025, lokacin da hukumar a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa jarumin fim ne, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba a kawo an tace ba.