Majami'ar Katolika ta Shendam: Aikin da Ya Fara da Fartanya

A wannan fitowa za mu bar ƙasar Kano, mu gangara kudancin Jihar Filato, zuwa Shendam, garin mutanen Goemai, waɗanda Hausawa suka saba kira Ankwai. Ni ba ɗan ɗarikar Katolika ba ne, kun sani. Amma duk mai son ya san yadda bishara ta kafu a ƙauyukan Arewa, dole ya bi ta wannan gari.

Sai mu fara da dalilin da ya sa aka je can. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka ƙofar masarautu ta kasance a rufe ga masu wa'azi, suka juya zuwa kwarin Binuwai da ƙasar duwatsu. 'Yan SUM sun sauka a gindin dutsen Wase a 1904.

Su kuwa 'yan Katolika, ƙungiyar SMA ce ta ɗauki aikin, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. Sun buɗe tasha a Lokoja a 1884, daga baya suka mai da mazauninsu Asaba, a ƙarƙashin Fada Carlo Zappa. Wanda ya buɗe musu hanyar Arewa shi ne Razdan na lardin Muri, Kyaftin Ruxton, da ke zaune a Ibi. Matarsa Bafaranshiya ce, 'yar Katolika. Aka zaɓi mutum uku: Fada Oswald Waller, Fada Ernest Belin da Fada Joseph Mouren. Suka hau kogin Binuwai cikin kwalekwale har Ibi, daga nan suka bi ta ƙasa, suka shiga Shendam ran 12 ga Fabrairu 1907. Sarkin ƙasar, wanda ake kira Long Goemai, ya karɓe su, ya ba su wurin zama.

Ku lura da watan. Fabrairu rani ne, sanyi yana ban kwana, zafi yana shigowa, lokacin kwaɓa ƙasa da yin jinka. Gine-ginensu na farko irin na kowa ne a ƙasar, laka da ciyawa, wurin kwana da wurin sujada. Abin da ya bambanta Shendam da sauran tashoshi shi ne abin da suka yi da damina ta sauka. Suka kama noma gadan-gadan, har daga baya suka buɗe gandu a wani ƙauye mai suna Demshin.

Dalili biyu ne. Kuɗin da ke zuwa daga Turai bai taka kara ya karya ba, dole su ci da guminsu. Na biyu, a zamanin akwai dabarar kafa ƙauyen Kirista: a tara mutane kewaye da gonar mishan, su yi aiki tare, su yi addu'a tare, 'ya'yansu su tashi cikin bangaskiya. A takarda abin yana da kyau. Amma mu da muke zaune inda gona ke jingine da gona, mun san halin manomi. Mutumin da ke da gonar gado, da kabarin kakanninsa a bayan gida, da al'adun da suka ɗaure shi da sarkinsa, ba zai tashi ya koma gandun baƙo don an yi masa wa'azi ba. Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar baftisma kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya auna aikin da yawan kawuna zai ce an yi asara. Ni ban gan shi haka ba. Mutanen ƙasar sun ga Bature ya riƙe fartanya, ya koyi harshensu, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi bai gudu ba. Da lokacin buɗe makarantu ya yi, ba baƙi ba ne suke roƙon a ba su yara.

A 1911 Roma ta ware yankin ya zama mai cin gashin kansa, Shendam ce mazauninsa, Fada Waller kuma ya zama shugaba. To, a wannan shekarar ce hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, kuma ita ta juya labarin. Ma'aikatan jirgi da akawu-akawu da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna, da yawansu 'yan Katolika ne tun daga gida. Nan da nan majami'un birni suka fi na ƙauye jama'a, hankalin shugabanni ya koma bakin layin dogo. A 1934 aka raba yankin biyu, Kaduna da Jos. Shendam, uwar tashoshin, ta koma ikilisiyar karkara a ƙarƙashin Jos.

A wannan zamani ne limamai daga ƙasar Ailan suka karɓi aikin, su kuwa makaranta suka sa gaba. Daga nan farfajiyar mishan ta ɗauki siffar da dattawanmu suka sani a wurare da yawa: majami'a a tsakiya, gidan fada a gefe, ga azuzuwa, ga ɗakin shan magani, can baya kuma makabarta. A ƙananan ƙauyuka ɗaki guda ne ke yin aiki biyu, aji daga Litinin zuwa Juma'a, wurin sujada ran Lahadi. Mai riƙe da shi kuwa katikis ne, ɗan ƙasa, malami da safe, manomi da yamma. Fada yakan zo ne jefi-jefi, a kan keke ko babur. Abin da ke damuna a tarihin majami'unmu, na Katolika da namu duka, shi ne an rubuta sunan Baturen da ya aza harsashi, amma wanda ya yi shekara talatin yana buga ƙararrawa, yana karantar da yara, yana binne matattu, sau da yawa sai dai jikokinsa su tuna da shi. In akwai irin wannan dattijo a ikilisiyarku, a zauna da shi da takarda da biro tun yana iya magana.

Sauran canje-canjen kowa ya shaida su. Bayan babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965 aka sauke Latin, aka soma yin sujada da Hausa da harsunan ƙasa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan da yawa, azuzuwan da aka gina da aikin gayya suka koma hannun hukuma. Limaman Turawa suka yi ta raguwa, 'yan ƙasa suna maye gurbinsu.

Kano ta zama dayosis a 1999. Shendam kuwa sai da ta cika shekara ɗari cif, a 2007, sannan aka ware ta daga Jos ta zama dayosis ta kanta, aka naɗa Bishop James Daman ya zama bishop ɗinta na farko. Majami'ar Zuciya Mai Tsarki ta garin ita ce ta zama kujerarsa. Bayan rasuwarsa a 2015, Bishop Philip Dung ya gaje shi a 2016.