Asalin Dokar Madigadi a Birnin Kano

Tun kafin mota ta taka ƙasar Kano, malaman birni sun san cewa hanya tana da haƙƙi, domin fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Madabo ya hana mutum ya cuci mai wucewa, ko da kuwa da ruwan indararon gidansa ne. Haka kuma Mukhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa taɓon damina cikin abubuwan da aka yi wa mai salla rangwame a kansu idan sun taɓa tufafinsa, abin da ke nuna cewa fallatsin hanya tsohuwar mas'ala ce, ba ƙarfen Nasara ne ya zo da ita ba.

Sai dai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suka fara jigila zuwa tasha, sai al'amarin ya sake kama, saboda abin da kofaton jaki ke fallatsawa bai kai kwatankwacin abin da taya ke watsawa ba, balle a lungunan birni, inda katangar ƙasa ke dab da hanya, mai tafiya kuma ba shi da wurin ratsewa. Ƙofofin da aka gina domin doki da raƙumi suka yi wa mota kaɗan, har aka riƙa faɗaɗa su, aka kuma huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Turawa sun kafa dokar mota ta ƙasa baki ɗaya a 1916, sa'an nan suka sabunta ta a 1947, daga nan ne kuma aikin masu duba lafiyar mota, waɗanda jama'a ke kira VIO, ya samo tushe. Sharuɗɗan dokar daga Ingila aka kwaso su, inda aka wajabta wa mota madigadi wanda zai tare taɓo da ruwan da taya ke ɗagowa gwargwadon iko. Daga baya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta zo a 1988, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano kuma, wato KAROTA, a 2012.

To, a nan ne samarin zamani, masu sa wa Hilux taya mai faɗi, suke tambaya ko lalle ne sai sun ƙara leɓen roba a bakin madigadi kafin a ba su takardar shaidar lafiyar mota. A ganina sun ɗauko zancen ta wutsiya. Abin da aka nema tun asali shi ne taya ta kasance a rufe. Saboda haka wanda ya bar motarsa yadda kamfani ya ƙera ta, leɓen nan ado ne kawai gare shi, amma wanda ya sa tayar da ta leƙo waje, shi ya jawo wa kansa larura, sai ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman abin rufe ta. Alhali kuwa tifofin yashi da ke ratsa Ƙofar Na'isa da damina, waɗanda robar bayan tayarsu ta daɗe da yagewa, su ne suka fi ɓata wa masallata riguna ranar Juma'a.